Bataliyar da ta Haɗa Saje da Bene

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar maigidana. Sunansa Iliyasu, amma ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba yana raye, kuma ba yanzu zan fara ba. Saje kowa yake ce masa a Fagge, har limamin unguwa, don haka ni ma Saje zan ce. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, 'ya'yanmu sukan taru a yi sauka, a dafa abinci a raba, wani daga cikin tsofaffin abokan aikinsa ya dogaro sanda ya zo ya zauna a zaure yana ba jikoki labarin bataliyarsu. Bana babu wanda ya zo. Na ƙarshensu ya rasu da azumin da ya wuce. Na duba na ga ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san labarin tun daga tushe, kuma akwai wani yanki nasa da tsofaffin nan ba su taɓa faɗa a zauren ba.

Na san Saje tun bai shiga soja ba, a shekarun da ake ta hayaniyar neman mulkin kai. Mahaifina yana da ɗan teburin atamfa a bakin Kantin Kwari, lokacin manyan kantunan duk na Larabawan nan Kwarori ne. Shi kuwa Saje yaron mota ne, yana bin wata babbar mota mai kwasar gyaɗa zuwa tashar jirgin ƙasa. A bayan motar nan ya haɗu da Benedik, ɗan wani kafinta Ibo da ke Sabon Gari. 'Yan Fagge suka gutsure sunan ya koma Bene, ya kuwa dace da shi, don sai ya sunkuya yake shiga zaure. A Kano aka haife shi. Idan yana yi wa direba tsiya daga saman buhuna, ba mai cewa ba ɗan Fagge ba ne. Ran Lahadi yakan fito daga coci ya tsallako titi ya zo gidan su Saje cin tuwo, ran Babbar Sallah kuwa shi ake ba riƙon ƙafar rago.

Ana nan sai aka yi rikicin nan da tsofaffin Kano ba sa son tunawa, wanda siyasa ta kunna. Aka wayi gari Fagge da Sabon Gari suna jifan juna, ana ƙona rumfuna, ana ɗauke gawa daga kan titin da ya raba unguwannin biyu. Mu 'yan mata an kulle mu a cikin gida, ihu kawai muke ji. Daga baya aka kawo sojoji suka ja waya mai ƙaya a tsakiyar titin suka tsaya. Saje yana wannan gefe, Bene yana wancan, suna hango juna, babu mai iya ɗaga wa wani hannu don kada mutanensa su gani. Saje ya sha ba ni labarin abin da ya tsaya masa a rai a ranar. Ya ce cikin sojojin nan akwai Bahaushe, akwai Tibi, akwai Ibo, akwai Bayarabe, kakinsu iri ɗaya, gorar ruwa ɗaya suke miƙa wa juna, kuma a duk faɗin Kano su kaɗai ne ba su da gefe. Da abin ya lafa, shi da Bene suka ajiye aikin mota suka tafi tare aka ɗauke su kurtu. Mahaifin Saje ya daɗe yana fushi, don a wancan zamani ba a ganin soja aikin ɗan mutunci ne. Kafinta ma, in ji Bene, sai da ya jefe shi da guduma.

Bayan Saje ya sami igiya ɗaya a hannu aka ɗaura mana aure, na bi shi bariki. Bene ya riga shi, ya auri Ngozi, ita ma haifaffiyar Sabon Gari, mahaifiyarta tana sayar da manja da garin kwaki a kasuwa. Bataliyarsu ɗaya, kamfaninsu ɗaya, ɗakunanmu kuma bango ɗaya ya raba su. Lokacin hafsoshi Turawa ne, sojoji na sa gajeren wando da jar dara, bigila ce take tashinmu ita ce take kwantar da mu. Ngozi ta koya min ɗinkin keke, ni na koya mata kaɗa miyar kuka, ko da yake har muka rabu tana cika mata barkono. Haihuwata ta fari ta zo mazan suna daji wurin atisaye. Ngozi ce ta riƙe ni, ita ta yanke cibi, ita ta yi min ruwan wanka har na yi arba'in. Mun ga an sauke tutar Turawa an ɗaga tamu. Mun ga an kwashi mazanmu an kai su Kwango kwantar da tarzomar wasu, sun dawo kowa da rediyo a hammata suna kwaikwayon Faransanci. A duk shekarun nan ban taɓa jin wani a layinmu ya tambayi wani daga ina ubansa ya fito ba, sai dai don tsokana.

Sai shekarar da sojoji suka fara kashe junansu ta zo. Ba zan tsaya kan wanda ya fara ba, an daɗe ana wannan gardama kuma ba ta tayar da kowa daga kabari ba. Abin da na gani shi ne, bariki ya koma wurin da ake rufe ƙofa da rana. Aka ce kowane soja ya koma yankinsu. Na goya ƙaramin ɗan Ngozi tana ɗaure kaya. Saje ya rataya bindiga ya sa su Bene a gaba har tasha, ya tsaya a bakin taragon har jirgi ya tashi, alhali a ranar ba kowa ne ya kai tasha da rai ba. Wannan ma yana cikin tarihinsa, kuma ina so a san da shi. Amma tun daga ranar aka laƙa masa suna a bariki. Idan ya wuce sai a ce ga surukin Inyamurai nan. Yakan yi kamar bai ji ba. Ni da nake zaune da shi na san yana ji.

Da yaƙin basasa ya ɓarke aka tura su Saje bakin daga, ni kuma na dawo Fagge da yara. Sabon Garin da na sani babu shi. Gidaje ba ƙyaure, ba taga, ciyawa ta fito a tsakar gidan kafinta. A wasu gidajen unguwarmu kuwa na riƙa ganin kujeru da kekunan ɗinki da gadajen ƙarfe da na san ba a kanti aka sayo su ba. Muna shiga barka da biki muna zama a kan kujerun nan, ana ba mu ruwa muna sha. Babu wadda ta taɓa tambaya, har ni.

Tarihin bataliyar a yaƙin nan na ji shi har na haddace, don shi tsofaffin suke maimaitawa a zaurenmu. Sun shiga ta arewa da damina, laka har gwiwa, motoci na kafewa, su suke turawa. Sun iske an fasa gada, suka ƙetare rafi da igiya, bindiga a ka. Sun hau wani gari na kan tudu da igwa ta hana kowa hawa, sun kama wani garin jirgin ƙasa, sun zauna cikin ramuka har ƙafafunsu suka ruɓe a cikin takalma. An kashe musu mutane har ta kai waɗanda suka san juna tun zamanin jar dara ba su fi a zauna a inuwa ɗaya ba, aka cike gurbin da yara sababbin kurata da ba su gama koyon saɓa bindiga ba. A wani kogi kwalekwale ya kife da rabin kamfaninsu. A nan Saje ya goyo wani yaro ɗan Haɗeja da harsashi ya fasa wa cinya, ya fito da shi ana ruwan wuta, aka ba shi lambar yabo. A ƙarshen yaƙin sun shiga ƙauyukan da yara suka kumbura saboda yunwa, gashinsu ya yi ja, sojoji suka riƙa raba musu nasu abincin. Duk wannan gaskiya ne, ban ƙaryata ko ɗaya ba. Idan ana ba da labarin Saje yakan zauna a gefe yana jan carbi, in an ce, "Ko ba haka ba, Saje?" sai ya ce haka ne.

Ranar da ya dawo, da kalangu aka tarye shi tun daga bakin titi, mata na rangaɗa guɗa. Ni kaina na yi ta taƙama. Bai daɗe ba ya ajiye kaki, tun lokacin ritayarsa bai yi ba, ya kama gadin wani kantin yadi a Kwari. Mutane suka yi ta mamaki, don ana cewa an kusa ba shi samanja. Abu ɗaya na lura da shi: ba ya shiga Sabon Gari. Ko ƙusa ake bukata, sai dai ya aiki wani. Na ɗauka kewar abokinsa ce.

Mutanen gabas suka fara dawowa kaɗan kaɗan. Wata rana bayan azahar ina tsince shinkafa a tsakar gida, sai na ji sallama da muryar da na sani. Ngozi ce. Ta rame har sai da na dubi idonta sannan na tabbatar, kanta ya yi furfura, ita da ba ta girme ni ba. Muka rungume juna muka yi kuka. Cikin 'ya'yanta huɗu biyu suka rage, wanda na goya ranar tafiya yana cikin waɗanda yunwa ta ɗauke. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa. Saje yana ɗaki, ya fito, da ya gan ta sai ya tsaya a bakin ƙofa kamar an kafe shi.

Bayan gaisuwa ta ce, "Saje, wurinka na zo. An ce min a karon da rundunar su Bene ta yi da bataliyarku aka yi masa ganin ƙarshe. Wasu sun ce an kama shi, wasu sun ce ya tsallaka Kamaru. Kullum jirgi ya iso ina tasha ina duba masu sauka. Ko ka ji wani abu?"

Da ya ce bai ji komai ba, da ta yarda, ni ma da na yarda. Ya jawo turmi ya kifa ya zauna, ya dubi ƙasa ya fara magana. A lokacin na fara jin labarin, tare da ita.

Ya ce bayan sun kama wani ƙauye, an tara fursunonin yaƙi a filin makarantar firamare, an zaunar da su a rana. Shi aka sa ya zagaya da wani laftana matashi ana duba su. Suna cikin tafiya sai ya ji an ce, da Hausar Fagge tsantsa, "Ilu, ni ne fa." Ya waiwaya ya ga Bene a zaune, ƙafarsa ɗaure da tsumma, ƙudaje sun rufe ta, ya bushe har tsawon nan nasa ya zama abin tausayi. Sojojin da ke wurin suka juyo, wani ya fara murmushi. Laftanan ya ce, "Saje, ka san wannan?" Shi kuma ya ce, "Ban san shi ba, ranka ya daɗe. Duk sun iya Hausa." Suka wuce. Bene bai sake kira ba. Da la'asar aka loda fursunonin a babbar mota aka ce za a kai su sansani. Motar ta dawo da wuri, wayam, kuma duk wanda ke wurin ya san sansanin ya fi haka nisa.

Ni na kasa ɗaga kai, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Can na ce, don in sami abin da zan riƙe, "Ai da ka ce ka san shi, da har da kai za a haɗa."

Ya girgiza kai ya ce, "A'a, Binta. Kar ki nema min mafita, babu. A makon nan wani kofur ya ga maƙwabcinsu na Jos a cikin fursunoni, ya ce a ba shi ya riƙa yi mana tafinta, aka ba shi, yana nan da ransa. Ba kashe ni za a yi ba. Dariya za a yi min. Sunan nan ne ba na so a sake kirana da shi, ga kuma maganar ƙarin girma. Shi ke nan dalilin, babu wani."

Ngozi ta gyara ɗaurin zaninta ta miƙe. Ba ta taɓa ruwan da na kawo ba. Ta ce, "Na gode da ka faɗa min. Yanzu sai in daina zuwa tasha." Na bi ta rakiya har bakin titi. Ta tsaya ta ce, "Koma gida, Binta. Na san ba ke ba ce. Amma kar ki zo gidana tukuna."

Tukunan nan ya kai shekaru masu yawa. Ta kama rumfa tana sayar da kayan masarufi, daga baya ta koma kasuwar Singa. Idan muka haɗu a kasuwa mukan gaisa, ta tambayi yara da sunansu ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa tambayar ubansu ba. Saje ya aika a gaya mata yana so ya ɗauki nauyin karatun babban ɗanta, Uche. Ta aiko da cewa ta gode, Allah zai yi musu. Ya sake aikawa da buhun masara wata shekara da aka yi tsadar abinci, buhun ya dawo a kan ɗan dakon da ya kai shi. Bai ƙara ba. Ya ce min tana da gaskiya, so yake ya sayi sauƙi a wurinta, ita kuma ba ta sayarwa.

Mun zauna da abin nan a gida ɗaya har ƙarshen ransa. Bai zama mugun miji ba, bai zama mashayi ba kamar wasu da suka dawo. Mutum ne mai sallah, mai haƙuri da yara, wanda 'yan kasuwa ke bar wa kanti a buɗe su tafi masallaci. Sai dai duk ranar da wani ya kira shi jarumi a gabana, nakan ga wuyansa ya sunkuya, ni ma nawa ya sunkuya. Akwai lokacin da na yi fushi da shi don ya faɗa, na ce da ya bar mu cikin rashin sani. Akwai lokacin da na yi fushi da tsofaffin abokansa, waɗanda wasunsu suna filin makarantar nan a ranar, suna kuma zuwa su ci tuwona su ba da labarin kogi da gada su tsallake filin. Sau ɗaya na taɓa yi wa ɗayansu maganar. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, yaƙi ne." Ban sake ba.

Nakan tambayi kaina me Saje zai ce da ya ga Kano ta yau. Da ya tsaya a Bata, bakin kasuwar Sabon Gari, ya ga yadda mutane ke cuɗanya, Ibo na sauke kaya, Bahaushe na lodi, Bayarabiya na ciniki da su duka, ina jin da ya yi murna, don abin da ya shiga soja dominsa ke nan. Amma da ya karɓi wayar jikokinsa ya ga yadda yaran da ba su taɓa jin ƙarar igwa ba suke zagin ƙabilar juna, suna cewa a raba ƙasa ko a gwabza, ban san me zai yi ba. Ba mai wa'azi ba ne. Wataƙila ya gaya musu abin da ya taɓa gaya wa babban ɗanmu da ya so shiga soja, cewa harsashi bai taɓa ba shi tsoro kamar bakin abokan aikinsa ba, kuma duk wanda bai iya jure dariyar mutanensa ba, kada ya ɗauki bindiga. Yaron bai gane ba a lokacin. Sai bayan rasuwar uban na ba su labarin, su duka, don ban ga dalilin da zai sa 'ya'yan Ngozi su san abin da nawa ba su sani ba.

Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi, ya yi jinya ba mai tsawo ba, Allah ya karɓi abinsa. Ranar addu'ar uku ina zaune cikin mata sai na ga an buɗa hanya. Ngozi ce, ta yafa mayafi kamar kowa, ta tsufa, tana jan ƙafa. Rabonta da gidan tun ranar turmin nan. Ta zauna kusa da ni ta yi min gaisuwa yadda ake yi. Da mutane suka ragu ta ce a hankali, "Na bi hafsoshi, na bi ofisoshi, na tambayi duk wanda aka ce yana wurin. Mijinki kaɗai ya gaya min gaskiya. Ban yafe masa ba, Binta, kar in yi miki ƙarya. Amma na ga bai kamata a ce ban zo ba." Na kawo mata ruwa, ta sha. Bayan wannan na riƙa zuwa gidanta, tana zuwa nawa, har ta koma gabas wurin 'yarta, can ta rasu. Uche yana nan a Singa da rumfar uwarsa. Idan na je sayayya yakan taso ya ce, "Mama, sannu da zuwa," ya sa a kai min kaya har bakin titi. Bai taɓa ta da maganar ba, ni ma ban taɓa ba, kuma har yau ba na iya kallon idonsa sosai, don tsawonsa da tafiyarsa duk na ubansa ne.

Idan na auna abin da ya rage na Saje, ba na samun amsa ɗaya. Yaron Haɗejan da ya goyo ya rayu ya haifi 'ya'ya, suna zuwa gaishe ni. Iyalin da ya raka tasha sun kai gida saboda shi. Mutumin da ya ce bai sani ba kuma ya mutu saboda shi, ko aƙalla shi haka ya ɗauka har ya koma ga Ubangijinsa. Ban iya cire ɗaya in bar ɗaya ba. Abin da kawai zan iya shaida a kai shi ne, ranar da ƙarya za ta rufa masa asiri har abada, a gaban matarsa da matar abokinsa, ya zaɓi ya tona kansa, bai kuma taɓa neman a ce masa ba komai ba. Wannan bai dawo da kowa ba. Amma shi ne abin da nake so jikokinsa su gada, fiye da lambar da ke cikin akwati.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da mu ba mu da hurumin yafewa. Duk Sallah 'ya'yana sukan je maƙabarta su cire ciyawar kabarin ubansu. 'Ya'yan Bene har yau ba su da inda za su je.